Muhawara kan daren barkwancin da aka yi a Gusau

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na kawo wannan magana zauren nan ne domin tun daren Asabar take ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san akwai waɗanda muka halarci wurin tare da su a cikinmu. An shirya daren barkwanci a wani ƙaramin ɗakin taro da ke bayan wani gidan abinci a nan Gusau, irin barkwancin nan da mutum ɗaya yake hawa dandamali da makirfo a hannu, ba ganga, ba kayan wasa, ba ɗan amshi, ya tsaya yana ba jama'a dariya da bakinsa kaɗai. An fara bayan sallar Isha'i aka tashi kafin ƙarfe 10, saboda kowa ya san halin da muke ciki game da tafiyar dare. Kujerun roba aka jera, maza a dama, mata a hagu, kuma ban zaci mun kai mutum 80 ba. Sau biyu janareta ya mutu, amma ba wanda ya motsa daga kujerarsa.

Samari huɗu ne suka hau. Na farko ya ɗauko ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Ya ba da labarin ranar da aka kai masa kuɗin gaisuwa gidan surukai ta hanyar taransifa, kuɗin suka fita daga asusunsa amma ba su isa ba, dattawa suna zaune a kan tabarma, goro yana gabansu, shi kuwa yana bayan zaure yana ta ɗaga waya sama yana gumi. Mun yi dariya har da hawaye, domin babu wanda bai kwana a layin masu POS ba a wannan lokacin. Na biyu ya tuno mana da watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, ya kwatanta yadda unguwa guda ta rubuta masa saƙonni a takarda domin zai fita jihar, ya isa inda ake samun sabis ya rikita saƙon mai neman bashi da na mai neman aure. Shi ma ya burge ƙwarai.

Na ukun ne ya sa nake wannan rubutu. Ya kwaikwayi wani tsoho da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu ya shigo birni, ya kwaikwayi yadda yake magana, da yadda ya gudu ya bar takalmi ɗaya, da yadda ya ga famfo ya tsorata. Rabin ɗakin ya yi dariya, rabi ya yi tsit. Wani magidanci da ke layin gabana ya tashi a hankali ya fita, bai dawo ba. Ni kaina na yi dariya a farko, daga baya na ji kunya ta kama ni. Tambayata ita ce: shin yaron ya yi kuskure, ko mu ne ba mu saba da wannan salo ba?

'Yar Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina wurin, kuma a ɓangarenmu na mata shirun ya fi yawa. Wadda ke kusa da ni ta sunkuyar da kai tun daga lokacin da ya ambaci takalmin har ya sauka. Daga baya ta gaya mini cewa ƙanwar mahaifiyarta tana zaune a gidansu da 'ya'ya biyar tun da aka tashi garinsu. A ganina ya yi kuskure, kuma ba sai an je da nisa wajen neman dalili ba. Na farko da na biyu sun yi wasa da wahalar da ta same mu duka har da su, kuma ta wuce. Na uku ya yi wasa da wahalar da ba ta same shi ba, kuma har yanzu ba ta wuce ba.

Matashi daga Gada Biyu:
Yaya, ina girmama ra'ayinki, amma ina ganin an matsa wa yaron da yawa. Idan mai barkwanci a Zamfara ba zai taɓa maganar rashin tsaro ba, to me ya rage masa ya taɓa? Wannan ita ce rayuwarmu, ita muke kwana da ita muke tashi da ita. Na sha jin waɗanda aka sako daga daji suna ba da labarin abin da ya same su suna haɗawa da raha, domin da haka zuciya take samun sauƙi. Waɗanda suka fara wannan sana'a a kudu, tun lokacin da Opa Williams ya soma shirya manyan darare na barkwanci a Legas a 1995, sun yi suna ne saboda suna taɓo abin da ke damun mutane, har da na mulkin soja da ake ciki a lokacin. Idan muka ce a bar duk abin da ke da ciwo, za mu ƙare da labarin suruka da na kishiya kawai, kuma mutane za su gaji.

'Yar Samaru:
Ƙanena, ka faɗi amsar da bakinka. Wanda aka sako daga daji yana da ikon ya yi raha da abin da ya same shi, domin nasa ne. Kuma ban ce kada a taɓa maganar tsaro ba. Da yaron ya juya bakinsa kan masu alkawarin da ba ya cika, ko kan mu mutanen birni da muke tsawwala wa 'yan gudun hijira kuɗin haya, da ni ce zan fara tafa masa. Shi kuwa ya zaɓi wanda ya fi kowa rauni a cikin labarin ya mai da shi abin dariya.

Ɗalibin Hausa a jami'a:
Ina neman izinin manya in ɗan faɗaɗa maganar, domin ina ganin tushen matsalar yana cikin bambancin wannan sabon salo da barkwancin da muka gada. Bahaushe bai taɓa rasa masu ba da dariya ba. Akwai 'yan kama, waɗanda suke naɗa ƙaton rawani su ɗauki salon malamai ko na manyan mawaƙa su mai da komai maganar tuwo da miya da nama. Akwai 'yan gambara a kasuwanni, akwai wawan sarki a fada wanda yake iya faɗa wa sarki abin da bafade ba zai iya ba, akwai tashe da yara suke fita da shi daga goma ga watan azumi, akwai wasannin kalankuwa bayan kaka inda samari suke kwaikwayon masu mulki. A zamanin rediyo da talabijin muka samu su Usman Baba Pategi da aka fi sani da Samanja, da Ƙasimu Yero, sannan a zamanin finafinai muka samu Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014. Allah ya jiƙansu duka.

Amma kalmar barkwanci kanta, a zaman yau da kullum, tana tafiya ne da ƙa'ida. Bafulatani yana tsokanar Babarbare, Bakano yana tsokanar Bazazzagi, Bagobiri yana tsokanar Bayarabe, taubasai suna tsokanar juna, kaka tana kiran jikanta mijinta tana yi masa gorin bai kawo cefane ba. A duk waɗannan akwai sharaɗi guda da ba a rubuta ba: wanda aka tsokana yana nan, yana da baki, kuma al'ada ta ba shi damar ramawa nan take ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Shi ya sa maganar da za ta iya jawo faɗa a tsakanin baƙi take zama zumunci a tsakanin abokan wasa.

Barkwancin dandamali ya zo da wani tsari dabam. Makirfo ɗaya ne, yana hannun mutum ɗaya, sauran jama'a suna zaune a ƙasa. Magidancin da ya fita ba shi da hanyar ramawa, ba shi da alaƙar wasa da yaron, kuma idan ya ɗaga murya shi za a ce ya ɓata taro. Abin da ya rage masa shi ne ƙofa, kuma ita ya bi. Saboda haka duk wanda ya hau dandamali ya ɗauki nauyin da abokin wasa na gargajiya bai ɗauka ba, domin shi kaɗai ne zai yi wa kansa linzami.

Dattijo daga Ƙaura Namoda:
Madalla da wannan bayani, ɗana. Ni na ga 'yan kama da idona a kasuwa tun ina yaro, kuma abin da nake tunawa shi ne kansu suke fara mayarwa abin dariya. Kwaɗayinsu suke tallatawa, cikinsu suke yi wa kirari. Ko da sun taɓa wani, mai hali suke taɓawa, kuma sau da yawa yana tsaye a wurin, ya yi dariya ya sa hannu a aljihu. Ban taɓa ganin sun tasa almajiri ko makaho a gaba ba. Akwai kuma abin da ya fi ba ni takaici a labarin nan, wato kwaikwayon harshen tsohon. Yaron da ya ce "mi kaka yi" da "wanga" a gidansu, ya hau dandamali yana mai da irin wannan magana alamar ƙauyanci, harshen kakarsa yake yi wa dariya. Mu mutanen Zamfara da Kabi da Sakkwato mun daɗe muna jin ana kwaikwayon maganarmu a wasu wurare domin a yi dariya. Bai kamata mu ɗauki wannan aiki da kanmu mu ɗora wa na ƙauye ba.

Ɗan Tudun Wada:
Baba, gaskiya ne, kuma abin lura shi ne na biyun ma da Zamfarci ya yi nasa wasan tun daga farko har ƙarshe, amma ba wanda ya ji ciwo, domin da shi yake magana a matsayin harshensa. Daɗin wasan ma a nan yake, don da ya yi shi da Hausar rediyo da rabin armashin ya tafi.

Malamin Islamiyya:
Assalamu alaikum. Ban halarci wurin ba, amma na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina so in ƙara abin da addini ya tanada, ba da nufin rufe bakin kowa ba. Musulunci bai hana raha ba. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin raha da sahabbansa, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya. Wani mutum ya roƙe shi abin hawa, ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, mutumin ya ce me zai yi da ɗan taguwa, sai aka nuna masa cewa kowane raƙumi ai ɗan taguwa ne. Wannan raha ce mai tsabta wadda ba ta ƙasƙantar da kowa ba.

Iyakokin kuwa a bayyane suke. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana aibanta juna da jifa da munanan laƙabi. Ayoyi na 65 da 66 a Suratut Tauba sun yi kashedi mai tsanani game da wasa da Allah da ayoyinsa da Manzonsa, kuma a nan ina jan hankalin duk mai son farfaɗo da salon 'yan kama da ya nisanci kwaikwayon karatun Alƙur'ani ko hadisi, ko da magabata a sana'ar sun yi abin da ya yi kama da haka. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yi gargaɗin azaba ga mai yin ƙarya domin ya ba mutane dariya. Abin da yaron nan ya yi ya faɗa ƙarƙashin ayar Hujurat, kuma ya wajaba a yi masa nasiha cikin sirri da tausasawa, a guji tozarta shi, domin kada mu gyara izgili da wani izgilin.

Matashi daga Gada Biyu:
Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya a kan hadisin ƙarshe, kuma da gaske nake nema in fahimta. Kusan duk labarin da mai barkwanci yake bayarwa akwai ƙari a ciki. Ba na jin wanda ya ba da labarin taransifa a gidan surukai komai ya faru yadda ya faɗa. Shin wannan ma ya shiga cikin ƙaryar da aka hana?

Malamin Islamiyya:
Tambaya ce mai kyau, kuma malamai sun yi saɓani a kanta. Akwai waɗanda suka tsaya a kan zahirin hadisin suka ce a guje wa ƙirƙirarren labari gaba ɗaya idan manufarsa dariya ce. Akwai kuma waɗanda suka bambanta tsakanin ƙaryar da ake so mai sauraro ya gaskata, da labarin da kowa ya san misali ne, kamar tatsuniya ko wasan kwaikwayo. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne mai barkwanci ya gina wasansa a kan abin da ya faru da gaske, kada ya jingina wa wani sanannen mutum abin da bai yi ba, kuma idan ƙirƙira ce ya bari jama'a su gane haka. Rayuwarmu cike take da abin dariya na gaskiya, wanda ya iya kallo ba zai rasa ba. Allah ne mafi sani.

Bakabe daga Argungu:
Ina bin muhawarar daga nan Kabi. Damuwata ta ɗan bambanta da taku. Ina tsoron kada wannan kuskure guda ya zama dalilin da za a ce a daina taron gaba ɗaya. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, kuma duk wani taron nishaɗi a can idon jama'a da na hukuma yana kansa. Idan guntun bidiyon minti biyu na wannan yaro ya bazu a Facebook da TikTok ba tare da sauran wasannin ba, mutane za su ɗauka daren duka haka yake. Mu a nan muna da bikin kamun kifi da ake yi tun 1934, wanda yake tara makaɗa da mawaƙa da masu wasanni, amma ba kowace shekara ake yinsa ba, kuma tsakanin biki da biki saurayi mai baiwar magana ba shi da wurin da zai gwada kansa sai gabatar da taron biki. Ƙaramin ɗaki irin wanda kuka je shi ne makarantarsu. A gaban mutum 80 ake yin kuskure a gyara, kafin a kai gaban dubbai.

Ɗaya daga cikin masu shirya taron:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Wani ɗan uwa ne ya sanar da ni ana wannan magana, kuma na karanta ta tun daga sama. Ba zan kare abin da ya faru ba, laifin yana wuyanmu kafin ya kai ga yaron. Mun saurari wasan mutum uku kwana biyu kafin taron, shi kuwa ya zo a makare daga makaranta, muka bar shi ya hau ba tare da mun ji abin da ya tanada ba. Wannan ne karonsa na biyu a gaban jama'a, kuma shekarunsa ba su wuce ashirin ba. Da ya sauka ya ga fuskokin mutane, shi da kansa ya gane, bai iya tsayawa cin abinci tare da mu ba.

Ina so kuma ku san yadda abin yake ta ɓangarenmu. Naira 1,000 muka sa tikiti, kuma bayan an biya hayar ɗaki da kujeru da lasifika da man janareta, wanda tun cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ya zama babban nauyi, abin da ya rage bai wuce kuɗin Keke Napep da muka raba wa yaran ba. Muna yi ne domin mun ga mutanenmu suna bukatar wurin da za su zauna awa biyu su saki jiki cikin mutunci, kuma domin yaran nan su koyi tsayuwa a gaban jama'a, wanda ya bambanta ƙwarai da ɗaukar bidiyo a waya inda ake yankewa a sake. Mun roƙi mahalarta kada su yaɗa hoton wannan ɓangare, kuma zuwa yanzu sun mutunta roƙon. Daga yanzu ba wanda zai hau sai mun ji wasansa gaba ɗaya.

Ɗalibin Hausa a jami'a:
Yallaɓai, na yaba da wannan bayani, amma ina da ɗan tsoro game da matakin ƙarshe. Idan tacewar ta zama ta cire duk abin da zai iya ɓata wa wani rai, to wasan na biyu ma da ba zai tsira ba, domin katse layukan waya mataki ne na gwamnati, kuma akwai masu ganin bai kamata a yi wasa da shi ba. Ina ba da shawara ku sa mutum biyu ko uku masu bambancin shekaru su riƙa sauraro, a ciki har da mace, kuma tambayar da za su riƙa yi ita ce a kan wa dariyar take sauka, kuma shin yana da halin ramawa.

Magidanci daga yankin Maru:
Ni ne mutumin da ya fita. Ban yi niyyar magana ba, amma tunda mai shirya taron ya fito ya yi bayani, ya kamata ni ma in yi. Shekara uku ke nan da na ɗauko mahaifina daga ƙauyenmu na kawo shi Gusau. Mutum ne da yake noma abin da zai ci shekara har ya ba wasu, yau kuwa yana zaune a ɗaki guda yana jiran abin da zan kawo. Ranar da suka fito, da ƙafa suka kwana suna tafiya, kuma ba takalmi ya iso. Da yaron ya kai wurin takalmin, fuskar mahaifina na gani, shi ya sa na tashi.

Ban riƙe yaron a zuciya ba, na san bai san ni ba, kuma na yafe masa. Ina so a sani cewa kafin ya hau na yi dariyar da na daɗe ban yi irinta ba, musamman a wasan saƙonnin takarda, domin ni ma na yi irin wannan tafiya a 2021. Saboda haka ina roƙon kada a daina. Idan yaron yana so, ya zo gidana ya gaida tsohon ya zauna da shi. Mahaifina mutum ne mai raha ƙwarai, yana da labaran noma da na fatauci da na zamanin da jirgin ƙasa yake kaiwa Ƙaura Namoda a kai a kai, waɗanda za su ishe shi wasa goma, kuma da bakinsa zai ba shi.

Ɗaya daga cikin masu shirya taron:
Allah ya saka da alheri, Yaya, Allah ya mayar da Baba gidansa cikin aminci. Na karanta wa yaron saƙonka ta waya yanzu. Ya ce in tambaye ka ko ranar Juma'a bayan La'asar ta yi maka, kuma ni zan rako shi. Ka turo mini kwatancen gidan ta akwatin saƙo.